Awo Daban, Hujja Daban

"Inna, sai dai su kore ni, amma ni da ƙafata ba zan gudo ba."

Ka gane mai wannan magana, Haliru? Kai ne. A tsakar gida ka faɗe ta, kana durƙushe, ranar da za ka tafi makarantar Turawa ta Sakkwato, ina ɗaure maka ƙuli-ƙuli da yaji a tsumma. Ba wanda ya nemi alkawari a wurinka, kai ka ɗauko shi da bakinka. To, ba su kore ka ba. Ƙafarka ce ta kawo ka hutun azumi, ita ce kuma ta tsallaka da kai iyaka zuwa Ƙonni, rumfar kawunka Labbo, ba ko sallama. Sai a bakin ƙanwarka na ji wai kai da makaranta har abada, za ka koyi cinikin fata.

Fushi ba ya hana gaisuwa. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kana cin abinci, kana salla a kan lokaci. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da na kasuwa da na abokin da zai ce maka ka yi daidai alhali ba ka yi ba. Babanku yana gaishe ka. Ka gai da kawunka, ka ce masa yayarsa tana sane da shi. Zai gane.

Bari in maimaita maka abin da ka ba mu labari, don ka ji yadda yake a kunnen wani. Malaminku na lissafi ya ce ku nuna cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika, in an haɗa su, ɗari da tamanin suke bayarwa. Kai ka zauna ka zana alwatika manya da ƙanana, dogaye da gajeru, ka cika takarda, ka auna kowace da abin awon nan mai kamar rabin wata, ka tara. Malam ya duba, ya rubuta maka da jan tawada: "Wannan awo ne, ba hujja ba." Ka yi gardama, 'yan aji suka yi dariya. Aka sake gwada ku da irin tambayar, ka sake faɗuwa, har sau uku. An ce bayan Salla za a sake jarraba ku, wanda kuma bai koma ranar buɗe makaranta ba, za a ba wani gurbinsa. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Abin da malaminka yake nema ba na Turawa ba ne, kada ka fake da wannan. Kakanka, mahaifina, ya karantar da ni shi a zaure tun ban isa ɗaukar tulu ba, a cikin karatun mantiƙi, wato ilimin auna magana. Ya ce hanya biyu ce hankali ke bi ya isa ga hukunci. Ta farko sunanta istiƙira'i: ka ga abu nan, ka gan shi can, ka sake ganinsa, sai ka ce haka yake ko'ina. Ita ce hanyar mai sayen gero, ya tura hannu a buhu ya ɗebo, ya sake ɗebowa, ya ce geron mai kyau ne. Sau da yawa yana dacewa. Amma bai ga gindin buhu ba, kai kuma ɗan gidan fatake ne, ka san abin da akan zuba a gindi. Ta biyu sunanta ƙiyasi: ka fara da tushen da aka tabbatar, ka taka daga shi zuwa abin da dole ya biyo. Duk ruwan da ƙazanta ta sauya masa wari ba a alwala da shi. Ruwan randar nan ƙazanta ta sauya masa wari. Sauran maganar ko yaro zai ƙarasa maka, kuma ba sai ka zagaya randunan duniya kana sansanawa ba.

Na haddace wannan, ina alfahari da shi, amma bai hana ni faɗawa rami ta kowace hanya ba. Zan gaya maka yadda aka yi, don kada ka zaci daga kan tudu nake maka magana.

Ka san gonarmu ta bakin tafkin Kalmalo. Lokacin kana goye, na gaji da jigilar dawa daga can zuwa tudu, na ce a gina rumbu kusa, ɗan sama da giginyar nan mai karkata. Babanku, ka san shi, sai ya ce, "Ruwa fa?"

Na ce, "Tun da aka kawo ni gidan nan nake zuwa wurin nan kowace damina. Ban taɓa ganin ruwa ya kai giginya ba."

Ya ce, "To ke shekarunki nawa, na tabki nawa?"

Na ce ya bar min wasa, ni da idona na gani. Ya bar ni, don ya fi son zaman lafiya da cin gardama. Aka gina rumbu, aka zuba dawa. Damina ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ina ta yi masa gori. Sai aka yi wata shekara mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafki ya taso ya wuce giginya, ya jiƙa gindin rumbun har ya zauna. Sauran dawar da za ta kai mu kaka duk ta lalace. Waccan shekarar mun sha tafasa da rama har kunnuwanmu suka yi tsawo, babanku kuma bai taɓa cewa "na gaya miki" ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ka lura, ban yi ƙarya ba da na ce ban taɓa gani ba. Duk shekarun da na ƙirga gaskiya ne. Laifina shi ne na ɗauki "ban taɓa gani ba" na mayar da ita "ba ya yiwuwa". Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai rumbu guda na dawa. Alwatikan da ka auna su ne damunan da na gani. Ko ka cika takarda dubu, akwai wadda ba ka zana ba, kuma malam cewa ya yi kowace. Misali dubu ba sa ɗaure "kowace", amma guda ɗaya tak yana kwance ta. Ka kuma tuna da bakinka ka ce wata ta ba ka ɗari da saba'in da tara, wata ɗari da tamanin da ɗaya, ka ce hannunka ne ya goce. Wa ya gaya maka hannunka ne ya goce, ba alwatikar ce haka take ba? Malam ne ya riga ya faɗa maka amsa, kai kuma ka ja awonka ya je ya same ta. In da ba a faɗa maka ba, da wace za ka riƙe?

Kada ka ce to awo banza ne. Da shi muka san lokacin shuka, da shi makiyayi ya san inda ciyawa ke fara fitowa, da shi aka fara zargin cewa kusurwoyin nan suna da wani sirri. Awo yana nuna maka inda za ka haƙa rijiya. Amma ba a shan alama, sai an haƙa an tarar da ruwa. Kai ka tsaya a bakin alama kana fushi don an ce ba ka kawo ruwa ba.

Kuskurena na biyu ya fi wannan nauyi, kuma ta hanyar da nake taƙama da ita na yi shi.

Shekarar da dogaran hakimi suka fara zagaye gidaje suna neman yaran da za a sa a makarantar boko, yayanka ya isa. Ka san kansa, abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Na zauna na ɗaura ƙiyasina tsaf, kamar yadda aka koya min. Duk wanda ya shiga makarantar Nasara zai bar salla. In na ba da ɗana, ya shiga makarantar Nasara. Saboda haka in na ba da shi, na ba da sallarsa. Ka duba ginin, ba inda ya karkace. Ko kakanka da yana raye ba zai sami kafar da zai soki jerin ba. Na ɗauki yaro na kai shi Gidan Katta wurin gwaggonku, ya yi ta kiwon awaki har dogarai suka gaji suka daina zuwa.

Ginin daidai ne, tushen ne ruɓaɓɓe. Ina na samo wannan "duk" ɗin? Wani tafinta na gani sau ɗaya a bakin kasuwa, ana kiran azahar yana zaune yana busa taba. Sai kuma labarin da wata mai sayar da daddawa ta ba ni na ɗan wani gari da ban ma san sunansa ba. Mutum ɗaya da jita-jita ɗaya na murɗa na yi igiya, na ɗaure rayuwar ɗana da ita. Daga baya yaran da aka kai suka riƙa dawowa hutu, ina ganinsu a sahun gaba a masallacin unguwa, wasu har da jan baƙi.

Yau yayanka yana kora jakuna da fata tsakanin nan da Ƙonni. Sana'a ce ta mutunci, da ita aka rufa mana asiri, ban raina ta ba. Amma na taɓa binsa, na ga mai gadin iyaka na Faransa ya miƙo masa takarda, ya riƙe ta a juye, yana waige-waige yana neman wanda zai karanta masa. Ya hango ni ina kallonsa, ya yi dariya don kada in ji nauyi. Bai taɓa ɗaga min maganar ba. Sau ɗaya kawai ya yi abin da ya yi kama da haka, ranar da aka zo nemanka don makaranta, na fara jan ƙafa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, wanga kam a bar shi ya tai." Shi ya buɗe maka ƙofar da ka rufe da ƙafa.

Abin da nake so ka ɗauka a nan: in za ka yi ƙiyasi, a lissafi ko a rayuwa, ka fara kama tushen ka girgiza. Ka tambaye shi, daga ina ka fito? An tabbatar da kai, ko dai an saba jin ka ne? Jeri mai kyau a kan tushen ƙarya ya fi shirme haɗari, don shirme kowa na ganinsa, shi kuwa wannan yana zuwa da rawani.

To bari mu girgiza naka. Ƙanwarka ta ce ka ce, "Na faɗi sau uku, kaina ba na lissafi ba ne." Haba Haliru! Takarda cike da alwatika ba ta ishi malam hujja ba, kai kuma faɗuwa uku ta ishe ka ka yanke wa kanka hukuncin rai da rai? Kuma ukun nan ba uku ba ne, kuskure ɗaya ne ka maimaita, don ba ka tsaya ka ji abin da ake tambaya ba. Wanda ya tura ƙofar da ake ja, ko sau nawa ya tura ba za ta buɗe ba, wannan bai nuna ba shi da hannu ba. Ka ga, dokar da ta kayar da kai a aji ita ce take belinka yanzu. In awo bai isa ya tabbatar da "kowace" ba, faɗuwarka ma ba ta isa ta tabbatar da "har abada" ba. Ni wannan ya faranta min rai ƙwarai da na gane shi.

Akwai na uku, sabo ne fil, kuma da kai na yi shi. Ranar da ka ba mu labarin, na ga idonka ya yi ja, tausayi ya kama ni, na ce, "Rabu da shi, malamin nan neman magana gare shi, ai amsa ta fito." Na san ba haka ba ne tun kafin in rufe baki. Na zaɓi in sanyaya maka rai maimakon in gaya maka gaskiya, kai kuma ka ɗauki maganata ka yi guzuri da ita zuwa Ƙonni. Na janye ta. Malaminka yana da gaskiya, kuma malamin da zai ɓata jan tawadarsa a kanka bai fid da rai da kai ba. Nan gaba in ka ji kowa yana ba ka gaskiya a lokacin da ranka ke ɓace, ko ni ce, ka dakata tukuna.

Da ka tafi, haushi ya hana ni zama. Na ce abin da ya kori ɗana daga makaranta sai na ga idonsa. Na share wani wuri a tsakar gida, na zana alwatika da tsinke, na zauna ina kallonta tana kallona. Kwana da kwanaki ina haka, har tuwo ya taɓa kamawa a tukunya. Babanku ya shigo ya same ni durƙushe a ƙasa.

Ya ce, "Mi kika biɗa ga ƙasa, ɗiyar Malam? Allura ta ɓace?"

Na ce, "Ɗanka nika biɗa."

Ya ce, "Ɗana yana Ƙonni yana shaƙar warin fata. In kin gane shi nan, ki ce ya fito mu gaisa."

Na ce ya matsa ya tare min haske. Bai tafi ba, ya jawo turmi ya kife ya zauna, yana sassaƙar karan dawa da wuƙa. Karan nan na fizge daga hannunsa don in gyara layi, sai abin ya faɗo min.

Ka yi yadda zan gaya maka, a nan ƙasan rumfar kawunka. Zana alwatika kowace iri ka ga dama. Samo kara, ka yi wa kansa alama don ka bambanta shi da gindi. Kwantar da shi a kan layin ƙasa, kansa yana duban gabas. Danne shi a kusurwar farko, ka juya shi ta cikin alwatikar har ya kwanta a kan layi na biyu. Ya juya daidai faɗin wannan kusurwa, ko ba haka ba? Ja shi a kan layin, kada ya karkace, har ya kai kusurwa ta gaba. Danne shi a nan, ka ci gaba da juya shi ta wajen da ka fara, har ya kwanta a layi na uku. Ja shi zuwa kusurwar ƙarshe, ka sake juyawa har ya dawo layin ƙasa inda ya tashi. Yanzu dubi kansa. Yamma yake kallo. Kusurwa uku ya juya, ba ƙari ba ragi, ga shi ya yi rabin zagaye cif. Rabin zagaye kuwa kai ka ce min shi ne ɗari da tamanin a awonku.

Abin da ya sa na tashi tsaye har zanina ya kusa kwancewa shi ne, a duk maganar nan ban tambayi alwatikar tsawonta ba, ban tambaye ta faɗinta ba. Abin da na yi amfani da shi kawai, layi uku miƙaƙƙu ne da kusurwa uku, kuma ba alwatikar da za ta zo duniya ba tare da su ba. Saboda haka maganar ta hau kan wadda na zana, da wadda ka zana, da wadda ba a zana ba tukuna. Babanku ya karɓi karan ya gwada da wata siririya kamar allura, don ya kama ni. Kara ya juyo yamma. Ya ce, "To, wagga kam ruwa ba ya cin ta."

Ban ce wannan ce hujjar da malaminka yake so a takarda ba. Na ji ka ambaci wasu layuka biyu da ke tafiya tare ba sa haɗuwa, ina jin tasa hanyar ta nan ta bi, kuma wataƙila ya sami inda tawa ke ɗingishi. In ya samu, ina so in sani. Amma in mace mai furfura a gefen kai, wadda ba ta taɓa zama a benci ba, ta kai nan da karan dawa, kai mai malami da littafi da ƙuruciya ba ka da ta cewa. Kan da ya haƙura ya auna takarda guda cike da kusurwoyi ba malalacin kai ba ne. Hanya ce ba a nuna masa ba, ko an nuna yana fushi bai duba ba.

In ka koma, ga yadda za ka yi bita. Kowace tambaya ka raba ta uku kafin ka taɓa alƙalami: me aka ba ni, me aka riga aka tabbatar, me ake so in kai. Kada ka taka mataki sai ka iya faɗin abin da ya ɗauke shi. In ka ga kalmar "duk" ko "kowace", ajiye abin awo, hujja ake nema. In kana zargin magana ƙarya ce, nemo misali ɗaya da ya saɓa mata, ya wadatar. In ba ka san inda za ka fara ba, to auna, zana, gwada, har ka hango inda gaskiya take, sannan ka nemi hanyar da za ta kai ka can da dalili. Ka je wurin malam kai kaɗai, ka gaishe shi, ka ce, "Malam, na gane awo na yi, a nuna min hujja." Ba a taɓa mutuwa don wannan magana ba. Masu dariya kuma, rabinsu haddace amsar suka yi, in ka tambaye su dalili za ka ji shiru.

Yanzu saura magana ɗaya. Ayarin su Alhaji mai kanwa zai tashi zuwa Sakkwato washegarin kasuwar Lahadi ta bayan Salla, kuma zai isa kafin a buɗe makaranta. Na yi magana da madugu, ya ce akwai wurin mutum ɗaya daga gidan nan. Ina so ranar Lahadin, kafin a tashi daga kasuwa, in ji sallamarka a zaure. Ba zan yi maka faɗa a gaban mutane ba, ba zan tayar da abin da ya wuce ba, zan dama maka fura da nono mai kyau in sa maka albarka.

In rana ta faɗi ban gan ka ba, wurin nan ba zai tafi a banza ba, ni zan hau. Zan je makarantar, in nemi malamin lissafi, in gaya masa ni ce uwar Haliru, ɗan ya tsorata amma uwar ta zo. Zan zana masa tawa a ƙasa a gaban 'yan ajinku, in roƙe shi ya koya min tasa. In na iya, sai in dawo in tsallaka Ƙonni ranar kasuwa, in share gaban rumfar kawunka, in koya maka ita da ƙarfi, masu sayen fata suna saurare. Babanku ya riga ya ce zai ba ni jakinsa mai lafiya, wai ya fi masa sauƙi da ya hana ni.

Allah ya buɗa maka ƙirji, ya sa ka fi mu sani, ya kiyaye ƙafarka a hanyar dawowa da ta tafiya. Allah ya raba ka da girman kan da ke hana tambaya, irin wanda ka gada a wurina. Ya haɗa fuskokinmu da alheri ranar Lahadi.

Innarka,
Saudatu, daga Illela.